Tambayoyin Masu Karatu: Makina na Digiri Ya Yi Ƙasa, Ko Akwai Sauran Hanyar Shiga Makarantar Likita a Amurka?

Wasiƙun da suka taru mana a wannan karon yawancinsu a kan magana ɗaya suke, shi ya sa muka bar musu filin gaba ɗaya. Ga wanda bai san tsarin ba, a Amurka galibi ba a shiga karatun likita daga sakandare. Sai ɗalibi ya gama digirin farko, ya rubuta MCAT, jarrabawar neman shiga karatun likita, sannan ya nemi gurbi a makarantar likita ya yi wasu shekara huɗu. Matsakaicin makin digiri, wato GPA, ana auna shi a kan 4.0, kowane darasi kuma yana da nauyinsa da ake ƙirgawa da kiredit. Duk shekara mutum sama da 50,000 ke neman makarantun da ke ba da digirin likita na MD, masu samun shiga ba su kai rabi ba, kuma matsakaicin makinsu yana wajen 3.8.

Tambaya: Assalamu alaikum. Na gama digiri a bayoloji da kiredit 120. GPA ɗina 2.9, na darussan kimiyya kuwa 2.6. Shekara biyun farko ina aikin dare ina shiga aji da rana, na samu F a oganik kemistiri da C da yawa. Shekarar ƙarshe na samu 3.6. Ƙawata ta ce in koma in maimaita duk darussan da na yi rauni, sabon maki zai goge tsoho. Haka ne? *Wata 'yar'uwa daga jihar Maryland*

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Abin da ƙawarki ta faɗa, wasu jami'o'i suna yinsa a cikin gida, amma makarantun likita ba da lissafin jami'arki suke aiki ba. Takardun neman MD galibi suna bi ta kafa guda, AMCAS, wadda ƙungiyar kwalejojin likitanci ta Amurka, AAMC, ke gudanarwa. Za ki shigar da kowane darasi da kika taɓa ɗauka a kowace kwaleji, har da darussan kwaleji da wasu ke yi tun suna sakandare, su kuma su sake lissafa makin da nasu ma'aunin: A 4.0, A- 3.7, B+ 3.3, B 3.0, C 2.0, F sifili. Darasin da aka maimaita, sau biyu ake ƙirga shi. F ɗinki na oganik mai kiredit 4, in kin maimaita kin ci A, zai zauna a matsayin kiredit 8 masu matsakaicin 2.0, tamkar kin samu C sau biyu. Kafar makarantun DO (ɗaya digirin likitan na Amurka, ban da MD), wato AACOMAS, a da tana maye tsohon maki da sabo, amma ta daina tun 2017. Masu ba da waccan shawarar galibi a tsohon labari suka tsaya.

Ɗauko takarda mu yi lissafi kafin ki biya kuɗin ko darasi ɗaya. Kiredit 120 sau 2.9 ya ba da 348. In kin ƙara kiredit 30, shekara guda cur ke nan, kika ci A a dukkansu, kin ƙara 120. A raba 468 da 150, an samu 3.12. In shekara biyu kika yi, kiredit 60, za ki tsaya a 3.27. Kafin ki kai 3.5 sai kin yi kiredit 144 ba tare da ko A- ɗaya ba, ya fi wani sabon digiri yawa. Kowa zai iya yi wa kansa wannan: a ɗebe makin yanzu daga makin da ake so, a ninka da yawan kiredit ɗin da ake da su, a raba da tazarar da ke tsakanin makin da za a iya ci da makin da ake so. A naki, 0.6 sau 120, a raba da 0.5.

Mun kawo wannan ne don ki cire rai daga jimlar makin, bakin alƙalami ya riga ya bushe a kanta. Abin da zai yi miki aiki shi ne yadda AMCAS ke shimfiɗa sakamako a gaban kwamitin ɗaukar ɗalibai. Jadawali ne: layin shekarar farko, na biyu, na uku, na huɗu, sai wani layi na darussan matakin digirin farko da aka ɗauka bayan kammalawa. Kowane layi an raba shi, gefe guda bayoloji da kemistiri da fizis da lissafi, ɗaya gefen sauran darussa. Mai karanta takardarki zai bi da ido daga sama, a ce 2.4, 2.5, 3.1, 3.6, ya sauko layin ƙarshe. In ya tarar da kiredit 36 a kan 3.9, duk kimiyya mai nauyi, ya samu amsar tambayar da ke ransa, wato in an ɗauke ki za ki iya ɗaukar nauyin karatun ki kuma ci jarrabawar lasisi. Wannan layin shi kaɗai ne ya rage a hannunki, kuma yana da nauyi ƙwarai.

Makin kimiyya ya fi saurin motsi saboda tushensa ƙarami ne. In kiredit ɗinki na kimiyya 60 ne a kan 2.6, waɗancan 36 za su kai shi kusan 3.09, jimlar kuma ta koma 3.13. Tsallake 3.0 ba ƙaramin abu ba ne, don makarantu da shirye-shirye da dama a nan suke ja layi, takardar da ta gaza haka ba ta ma isa hannun mai karatu.

Maimaitawa kuwa, ki taƙaita ta ga darussan sharaɗi da kika samu ƙasa da C, don makarantu da yawa ba sa karɓar ko C-. Darussan sharaɗin galibi su ne shekara guda ta bayoloji, ta kemistiri, ta oganik da ta fizis, duk da aikin ɗakin gwaji, sai Turanci da lissafi ko ƙididdiga, makarantu da dama kuma sun ƙara bayokemistiri. Oganik ɗinki dole ne a sake shi. Inda kika samu C ko B- ki bar shi, domin cin A a abin da mutum ya taɓa gani ba ya gamsar da kowa. Ki hau sama da shi: bayokemistiri, ilmin gadon halitta, fiziyoloji, ilmin ƙwayoyin cuta, ilmin garkuwar jiki, bayolojin tantanin halitta. A a bayokemistiri ya fi A a maimaicin kemistirin shekarar farko magana.

Ga inda ake faɗuwa, kuma muna roƙonki ki tsaya a nan da kyau. Mutum ya dawo da zafinsa, ya yi rajistar kiredit 16, aikin daren nan bai bari ba, salon karatunsa bai sake ba, zango ya ƙare da B- biyu da C ɗaya. C ɗin da aka samu a wannan matakin ya fi tsohon F illa, domin tsohon ana iya jingina shi da ƙuruciya da halin rayuwa, sabon kuwa ba shi da madogara. Don haka ki fara da sanadin. In ba za ki iya rage awannin aiki ba tukuna, ki ɗauki darasi biyu a zangon farko. Kika ci A a biyun, sai ki ƙara. Amma kafin ki gama ya kasance akwai aƙalla zango biyu a jere da kika ɗauki kiredit 12 ko fiye, kimiyya uku a lokaci guda, domin darasi ɗaya-ɗaya ba ya nuna ƙarfin ɗaukar kaya. Tun makon farko ki rubuta ranar ƙarshe ta janyewa daga darasi. In jarrabawa biyun farko sun nuna C za a dosa, janyewa ta fi, alamar W ba ta shiga lissafin maki. W ɗaya ba ta da laifi, in sun jeru ne suke jawo tambaya. Sannan ki sauya yadda kike karatu. Maimaita karanta littafi da ja wa layi launi shi ne yake yaudarar ɗaliban kimiyya, ki koma warware tambayoyi littafi a rufe, ki kai takardar jarrabawarki ta farko ofishin malami ku bi kurakuran ɗaya bayan ɗaya. Wannan malamin shi ne gobe zai rubuta miki takardar shaida.

Wurin yi kuma, jami'a mai shekara huɗu ta fi, musamman don manyan darussan can suke. Kwalejin al'umma mai shekara biyu ta fi araha kuma makarantu da yawa suna karɓa, sai dai wasu ba sa ba ta nauyi ɗaya. Ki duba matsayin kowace makaranta a MSAR, kundin AAMC da ke nuna sharuɗɗa da makin waɗanda aka ɗauka, ki duba kuma ko suna karɓar aikin ɗakin gwaji da aka yi ta intanet. Wani abu da ake mantawa: a jami'o'i da yawa ɗalibin da ba digiri yake yi ba shi ne na ƙarshen yin rajista, sai ya tarar azuzuwan gwaji sun cika. Ki tambayi ofishin rajista ko shiga a matsayin mai neman digiri na biyu zai ba ki damar yin rajista da wuri.

Tambaya: GPA ɗina 3.2, na gama duk darussan sharaɗi. Ina tunanin yin mastas a kiwon lafiyar al'umma don in ɗaga makina. Wani kuma ya ce in yi SMP. Wanne ya fi? *Wani ɗan'uwa daga Ohio*

Amsa: Ɗan'uwa, mastas ba ya taɓa makin digirin farko. AMCAS layi daban take ba shi, 3.2 ɗinka yana nan yadda yake. Mastas a kiwon lafiyar al'umma karatu ne mai amfani ga wanda yake son fannin, amma kwamiti ya san maki mai kyau a irin waɗannan shirye-shiryen abu ne da aka saba gani, kuma darussansa ba su yi kama da na shekarar farko ta likita ba. Shekara biyu da kuɗi masu yawa za su tafi, tambayar kwamiti tana nan ba a amsa ba.

SMP mastas ne na musamman da aka gina don amsa waccan tambayar. Galibi shekara ɗaya ne. Na Jami'ar Georgetown da ke Washington, wanda ya fara a 1975, yana cikin mafi daɗewa, akwai kuma irinsa a Jami'ar Boston da Tufts da wasu wurare. A mafi ƙarfinsu ɗalibi yana ɗaukar darussa iri ɗaya da 'yan shekarar farko na likita, ana kuma auna shi da sakamakonsu. Wanda ya fito da 3.7 ko sama ya kawo shaidar da ba ta da musu. Sai dai takobi ne mai kaifi biyu. Wanda ya fito da 3.2 ya nuna wa kowace makaranta cewa an gwada shi da ainihin karatun bai iya ba, kuma bayan SMP babu wani matakin gyara. Ga kuɗi dubban daloli masu yawa, yawanci bashi. Wanda bai gano abin da ya kayar da shi a digirin farko ba, kada ya shiga.

Kafin ka biya, ka yi musu tambayoyi a rubuce. Cikin waɗanda suka fara shirin, har da waɗanda suka bari a hanya, nawa ne suka shiga makarantar MD ko DO a cikin Amurka cikin shekara biyu? Wasu alƙaluman talla waɗanda suka kammala kaɗai suke ƙirgawa, wasu kuma suna haɗawa da makarantun haƙori da na ƙasashen waje. In sun ce suna da yarjejeniya da makarantar likita, ka tambaya alkawarin ganawa ne ko alkawarin gurbi, kuma da wane maki da wane MCAT. Ganawa dama ce kawai. Ka tambaya kuma ko suna rubuta takardar shaida ta kwamitin shirin nasu.

Akwai kuma shirye-shiryen da ake kira fos-bak, na darussan matakin digirin farko, kuma iri biyu ne. Na masu sauya layi, irin na Bryn Mawr da Goucher, na waɗanda ba su taɓa yin darussan kimiyyar ba ne, kai ba za su ɗauke ka ba. Naka shi ne na masu gyaran sakamako, AAMC tana da jerin duka biyun. A ganinmu, in makinka na kimiyya bai kai 3.0 ba ko shekarunka na ƙarshe ba su fi na farko ba, ka fara da shekara guda ta manyan darussan kimiyya irin waɗanda muka lissafa wa 'yar'uwarmu ta Maryland, ya fi araha kuma yana ɗaga ainihin makin. In shekara biyunka na ƙarshe suna wajen 3.6 kuma MCAT ɗinka ya yi kyau, SMP ya dace da kai, kana ma iya gwada neman makarantun DO kai tsaye.

Tambaya: In na ci MCAT sosai, zai rufe mini 3.0 ɗina? Na yi rajistar wata mai zuwa. *Wata ɗaliba daga Minnesota*

Amsa: Zai taimaka, amma shi kaɗai ba ya rufewa. Babban MCAT a gefen ƙaramin GPA yana cewa ƙwaƙwalwa akwai, sai ya bar tambayar ko akwai jimirin wata da watanni. Sabbin maki masu kyau ne ke amsa wannan.

Jarrabawar tana da sassa huɗu, kowanne daga 118 zuwa 132, jimla daga 472 zuwa 528, tsakiya 500. Tambaya 230 ne, zaman kusan awa bakwai da rabi. Sashe ɗaya na kemistiri da fizis, ɗaya na bayoloji da bayokemistiri, ɗaya na ilmin halayyar ɗan Adam da zamantakewa, sai CARS na fahimtar dogon rubutu, wanda ba a haddace masa komai kuma yakan wahalar da waɗanda ba su saba yawan karatu da Turanci ba. Matsakaicin waɗanda ke shiga MD yana wajen 512, na DO yana wajen 504. Mai ƙaramin GPA yana bukatar ya kai matsakaicin makarantar da yake nema ko ya wuce, kuma kada wani sashe ya zube ƙasa da 125.

Maganar wata mai zuwa ita ta dame mu, ƙanwata. Ana iya rubuta MCAT sau uku a shekara ɗaya, sau huɗu a shekara biyu a jere, sau bakwai a rayuwa, kuma makarantu suna ganin duk sakamakon. Ba a shiga don a ɗanɗana. Ki yi aƙalla jarrabawar gwaji uku na AAMC, cikakku, daga ƙarfe takwas na safe, da hutun da aka ƙayyade, waya a kashe. Matsakaicinsu shi ne kusan abin da za ki samu. In bai kai abin da kike nema ba, ki ɗage, asarar kuɗin ɗagewa ta fi 498 da zai bi ki har abada sauƙi. Mutane da yawa suna ware wata uku zuwa shida, kuma bitar kowace jarrabawar gwaji kan ɗauki yini guda kamar yadda rubuta ta ya ɗauka. A kan kowace tambayar da kika faɗi ki rubuta dalili: ban san abin ba, na karanta ba daidai ba, ko lokaci ya ƙure. Kowanne maganinsa daban. In kuma akwai gyaran maki na shekara biyu a gabanki, ki bar MCAT sai ƙarshe. Yawancin makarantu ba sa karɓar sakamakon da ya wuce shekara biyu ko uku, ga shi bayokemistiri da fiziyolojin da za ki yi su ne rabin shirin.

Tambaya: Ɗana yana da 3.3 da MCAT 505. Wata makaranta a tsibiran Karibiyan ta ba shi gurbi cikin 'yan makonni. An ce ya nemi DO ya ƙi, wai ba cikakken likita ba ne. Ni zan biya wani ɓangare na kuɗin, ina son gaskiyar magana. *Wani uba daga Houston*

Amsa: Alhaji, Allah ya saka muku da alheri da kuka tambaya kafin a biya. Ku gaya wa yaron DO cikakken likita ne. Yana da lasisi a duk jihohi 50, yana rubuta magani, yana tiyata, yana shiga kowane fanni. Wannan reshe ya faro ne daga Andrew Taylor Still, wanda ya buɗe makarantar farko a Kirksville ta jihar Missouri a 1892, kuma yau sama da kashi ɗaya cikin huɗu na ɗaliban likita a Amurka a makarantun DO suke. Karatun ɗaya ne, da ƙarin horo na duba gaɓoɓi da tsoka da hannu. Jarrabawar lasisinsu COMLEX ce, da yawa kuma suna ƙarawa da USMLE, jarrabawar lasisin 'yan MD. Tun 2020 horon ƙwarewa na bayan makaranta ya koma ƙarƙashin tsari ɗaya ga MD da DO. Abu biyu za mu faɗa don adalci: fannoni masu tsananin gasa, irin su fata da tiyatar ƙwaƙwalwa, sun fi wa DO wuyar samu, kuma in yana da niyyar aiki a wata ƙasa ya bincika dokarta, don karɓar digirin DO ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa.

Abin da ya kamata ku auna shi ne ƙofar fita. Digirin likita ba ya ba da damar aiki a Amurka sai an samu gurbin horon ƙwarewa a asibiti, ta hanyar rabon da ake yi duk watan Maris. 'Yan ajin ƙarshe na MD da na DO a Amurka, sama da kashi 90 cikin 100 suna samu. 'Yan ƙasar da suka yi karatu a waje kuwa, a 'yan shekarun nan wajen biyu cikin uku ne, kuma wannan bai ƙirga waɗanda aka sallama ko suka bari kafin su kai wurin ba. Akwai likitoci nagari da suka fito daga Karibiyan, amma wanda ya tsaya a hanya yana komawa gida da bashi mai nauyi ba aikin biyansa, an gudu gara an faɗa gidan zago. Ga shi tun Janairun 2022 matakin farko na USMLE ya koma ci ko faɗuwa kawai, wanda ya rage wa ɗan makarantar waje hanya ɗaya ta nuna kansa da babban maki.

Da 3.3 da 505, ɗanku yana cikin waɗanda makarantun DO ke dubawa. Ya nemi da yawa, ya nema da wuri, ya bi wani likitan DO a wajen aiki ya samu takardar shaidarsa, don wasu makarantun suna son ta. Ya lura kuma AACOMAS ba ta sa lissafi cikin makin kimiyya, wanda kalkulas ya ja ƙasa zai ga makinsa ya ɗan tashi. Tunda a Texas kuke, makarantun gwamnatin jihar ta kafar TMDSAS ake nemansu, kuma doka ta ware mafi yawan guraben ga 'yan jihar. Shawararmu ita ce a ajiye gurbin Karibiyan sai ya gwada MD da DO da kyau sau biyu.

Tambaya: Digirina daga wata ƙasa na yi shi, sakamakon bai yi kyau ba. Yanzu ina da katin zama na dindindin. Ya lissafina yake? *Wani mai karatu daga New York*

Amsa: Malam, naka ya sha bamban. AMCAS ba ta karɓar takardar sakamakon jami'o'in waje, ban da na Kanada da wasu kaɗan, kuma ba ta lissafa musu maki. Yawancin makarantu suna son karatu a Amurka ko Kanada, wasu shekara ɗaya, wasu har kiredit 90, mafi yawa kuma suna son a yi darussan sharaɗi a can. Ke nan makin da AMCAS za ta nuna shi ne wanda za ka gina daga yanzu. Tsohon digirin ba a ɓoye shi, makaranta na iya neman a tantance shi ta hukuma irin WES, AACOMAS ma tana neman haka. Ka rubuta wa makarantu goma da kake hari ka tambayi adadin kiredit ɗin da suke so kafin ka tsara komai. Katin zaman ya sauƙaƙa maka da yawa, don makarantun da ke ɗaukar mai bizar karatu kaɗan ne, ba shi da rancen gwamnatin tarayya, wasu kuma sai ya ajiye kuɗin shekara ɗaya ko fiye a asusu tun kafin ya fara.

Tambaya: An taɓa sa ni furobeshin, wato gargaɗin jami'a kan raunin maki, a shekarata ta biyu lokacin rashin lafiyar mahaifiyata. Ba ya kan takardar sakamakona. In faɗa? Kuma yaya zan yi bayanin makina? *Wata 'yar'uwa daga Illinois*

Amsa: Allah ya ƙara wa Mama lafiya. Ki faɗa. AMCAS tana tambaya ƙarara ko jami'a ta taɓa ɗaukar mataki a kanki saboda raunin karatu ko ladabtarwa, ko da bai fito a takarda ba. Furobeshin da aka bayyana abu ne da kwamiti ya saba gani. Wanda aka ɓoye aka gano daga baya, ta takardar shugaban tsangaya misali, yana iya sa a janye gurbi, ramin ƙarya ƙurarre ne.

Bayanin ya zama gajere, jimla huɗu ko biyar: abin da ya faru, abin da ke wuyanki a ciki, abin da kika sauya, da shaidar sauyin. Misali, a ce a shekara ta biyu kina jinyar mahaifiya, ba ki rage darussa ba kuma ba ki nemi taimako ba sai da lokaci ya ƙure, daga baya kin koyi tsara nauyinki, kuma zango huɗu na ƙarshe kin riƙe 3.7. Kada ki ɗora wa malami ko jami'a laifi. Kada kuma ki cinye bayanin kanki da wannan. Haruffa 5,300 ne kawai, har da sarari, kuma aikinsu su nuna dalilin da ya sa kike son likitanci. Akwai gurbin da aka ware wa matakin ladabtarwa, akwai na ƙalubalen rayuwa mai haruffa 1,325, fom na biyu da makarantu ke aikowa ma yakan tambaya.

Sauran takardar kada ta yi rauni, don mai ƙaramin maki ba shi da rarar da zai yi sakaci a wani wuri. AMCAS tana ba da gurbin ayyuka 15. Abin da ake nema shi ne daɗewa kusa da marasa lafiya, kamar aikin mataimakiyar nas, ko rubuta wa likita bayanai a ɗakin gaggawa, ko aikin motar ɗaukar marasa lafiya, tare da hidimar sa-kai. Awa huɗu duk mako na shekara biyu ya fi awa 200 da aka tara a hutu ɗaya. Takardun shaida galibi uku ne, biyu daga malaman kimiyya, kuma su zama waɗanda suka koyar da ke bayan kin gyaru.

Lokaci kuma yana kayar da masu maki mai kyau ma. Kafar AMCAS tana buɗewa a farkon Mayu, ana fara miƙawa wajen ƙarshen watan, tantance sakamako kan ɗauki makonni, takardu su fara isa makarantu a ƙarshen Yuni. Yawancin makarantu suna ba da ganawa da gurbi bi da bi, wanda ya miƙa a Satumba yana takarar ragowar kujeru ne. Ki nemi takardun sakamakonki daga kowace kwaleji da zarar kafar ta buɗe, ki sa MCAT ɗinki ya fito kafin ƙarshen Yuni, ki mayar da kowane fom na biyu cikin mako biyu. Wajen zaɓen makarantu ki buɗe MSAR ki dubi makin kashi 10 na ƙasa cikin waɗanda aka ɗauka. Inda kike ƙasa da wannan layin sosai ki rage, ki fi ba makarantun jiharki ƙarfi, ki cire na gwamnatin wasu jihohi da ba sa ɗaukar baƙi sai ƙalilan. Kowace makaranta da kuɗinta, fom na biyu ma da nasa, don haka in kuɗin shigar gidanku kaɗan ne ki nemi tallafin rage kuɗi na AAMC tun kafin ki biya MCAT, ba a mayar da abin da aka riga aka biya. In Mayu ya zo sabbin makinki na zango ɗaya ne kawai, ki bar shekarar ta wuce ki miƙa a ta gaba, domin makarantar da kika taɓa nema za ta tambaye ki abin da ya sauya tun wancan karon.